Malam Aliyu Namangi, Makahon Da Ya Yi Wa Masu Ido Jagora

An haifi Malam Aliyu wajen shekarar 1894 a wani ƙauye na ƙasar Zazzau wai shi Namangi, kafin Turawa su shiga Zariya a 1902. Sunan ƙauyen nan shi ya bi shi har ƙarshen ransa. Tun yana ƙaramin yaro Allah ya jarrabe shi da rashin ido, watau ya makance tun bai kai lokacin da a ke miƙa wa yaro allo da tawada ba.

To, kowa ya san abin da a kan tsammaci makaho da shi a ƙasar Hausa a zamanin nan: sanda, da ƙoƙo, da ɗan jagora, da bin ƙofofin gidaje. Malam Aliyu bai yarda iyakarsa ke nan ba. Ya shiga neman ilmi gun malaman Zariya, abin da ɗalibai su ke ɗauka da ido shi yana ɗauka da kunne. Mai ido in ya manta ya koma ga takarda. Shi kuwa ba shi da takardar komawa sai zuciyarsa, saboda haka tilas ta sa ya horar da ita har ta zama taska.

Daga nan hanyarsa ta buɗe. Wanda ba ya iya riƙe alƙalami, in yana so maganarsa ta zauna, sai ya ɗaure ta da abin da ba ya kwancewa, watau ma'auni da amsa-amo. Zance sake-sake ya kan zube daga ka, amma baiti ya kan tsaya. Don haka Malam Aliyu ya zuba wa'azinsa cikin waƙa, ya tsara ta a zuci, ya rera, masu ido su rubuta.

Babbar waƙarsa ita ce Imfiraji, sunan kuwa daga Larabci ya ke, ma'anarsa yayewar ƙunci. Kowane baiti nata ɗango biyar ne, ɗangon ƙarshe kuma yana sauka a kan harafi guda daga baiti zuwa baiti, kamar turken da a ke komowa gare shi. A ciki akwai yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da gargaɗi a kan ruɗin duniya, da tuna mutuwa da kwanciyar kabari da tsayuwar hisabi. Wata dabara da ya yi kuma ita ce, ya ɗauki karin kiɗan caji, wanda samari da 'yan mata su ke rawa da shi, ya ɗora masa zancen Lahira. Kunnen da ya saba da karin nan a dandali, sai ga shi yana karɓar wa'azi ba tare da an ja shi ba. Mutumin da duk sanin duniyarsa ta kunne ya shigo, shi ya fi kowa sanin ƙofar da magana ta ke bi ta shiga zuciya.

Bayan Imfiraji ya yi waɗansu waƙoƙi, kamar Nuniya, da Furen Gero, da Tsarabar Madina. Allah kuwa ya nufe shi da sauke farali, ya je Makka da Madina, ko da ya ke bai ga hanyar da idonsa ba. Daga baya aka buga Imfiraji da boko a Zariya, waƙa ta ɗaya har zuwa ta tara, aka shiga karanta ta a makarantu. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Zariya a 1962, ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Ya rasu a 1990, yana da shekara fiye da casa'in.

Ba shi ne farkon wanda ya bi wannan tafarki ba. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1194, shi ma makaho ne, ya tara ilmin ƙira'o'i bakwai na Alƙur'ani cikin ƙasida mai baiti 1173, har yau kuwa da ita a ke koyon fannin. Dukansu biyu rashin ido ya tura su ga baiti, baitin kuma ya raya aikinsu bayansu.

Wani abin lura kuma, waƙar Malam Aliyu ta zama jari ga 'yan'uwansa makafi. Sun haddace ta, sun ɗauke ta daga Zariya zuwa kasuwanni da ƙofofin gidaje, har ƙauyukan arewacin Kano irin su Kunci. Da yawa daga cikinmu a bakinsu mu ka fara jin ta, tun ba mu san sunan mai ita ba. Makaho ya zo neman sadaka, ya bar wa masu gida abin da ya fi sadakar daraja.

To, 'yan'uwa ma'aikata, ga abin da ya kamata mu ɗauka. Mu da Allah ya bar mana ido, ya kuma ba mu alƙalami da takarda, sau nawa mu kan fake da ƙarancin karatu ko rashin kayan aiki mu bar abin da aka ɗora mana? Sa'an nan in makaho ko gurgu ko kurma ya tsaya a ƙofar ɗakin shari'a ko zauren hakimi, kada a auna hankalinsa da abin da ya rasa. A saurare shi sosai, a rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, gama ba a san wanda ya ke tsaye a bayan sandar nan ba.

Allah ya jiƙan Malam Aliyu Namangi, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.