Pierre Curie, Mutumin Da Ya Gano Asirin Dutsen Agogo

'Yan'uwanmu masu sayar da agogo a Ikko da Badun, in kun duba fuskar hajarku za ku ga an rubuta QUARTZ. Wannan sunan wani dutse ne mai kama da ƙanƙara, mai tauri har yana karce gilashi. Asalinsa narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa, irin na duwatsun Gwoza. In ya marmashe sai ruwa ya kwaso shi, watau shi ne galibin yashin da ake ɗiba a kogin Ngadda a Maiduguri. Da irin wannan yashi ake yin gilashi.

Wanda ya gano babban asirinsa kuwa wani Bafaranshe ne, Pierre Curie. An haife shi a birnin Faris cikin 1859. Ubansa likita ne, a gida kuma aka koya masa karatu kafin ya shiga jami'a.

Cikin 1880, yana ɗan shekara 21, shi da wansa Jacques suka gane cewa in an matsa dutsen nan yakan fid da lantarki kaɗan. Da shekara ta kewayo suka tabbatar in an sa masa lantarki shi ma yakan motsa. Suka ƙera wani ma'aunin lantarki da shi.

Ya auri Marie cikin 1895. Da ma'aunin nan suka yi aiki har suka gano sinadarin radiyam cikin 1898, aka ba su kyautar Nobel cikin 1903. Ba su yarda sun mallake hanyar fid da radiyam don neman kuɗi ba, suka bar wa duniya. Ran 19 ga Afrilu, 1906, keken doki ya take shi a kan titi a Faris, ya mutu nan take.

Bai ga amfanin aikinsa ga agogo ba. Sai 1927 aka yi agogon farko mai aiki da dutsen a Amurka, na hannu kuwa sai 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da shi kasuwa. Batir ke kaɗa ɗan ƙanƙanen dutsen sau 32,768 kowace daƙiƙa, da haka agogo ke ƙirga lokaci.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Curie ya dafa, mu ke shan romon. Saboda haka, jama'a, kada mu fid da yaro daga makaranta don ba mu ga ribar karatunsa yau ba.