Muhammadu Bello Da Darasin Da Ya Bar Mana A Wurno

Duk sa'ad da na ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, nakan tsaya in dubi fadamar Rima, in tuna cewa mai wannan kabari ya san tattalin dukiya kamar yadda ya san littafi da takobi.

An haife shi a 1781, ɗa ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, aka yi masa mubaya'a a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa. Ya gaji ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, ga hare-haren Gobirawa da Kabawa ba dare ba rana. Sai ya shiga kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda jama'a za su yi tsaro, su yi noma, su ci kasuwa. Wurno ce ta fi shahara a cikinsu, a nan kuma ya rasu a 1837.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya hana mutanensa dogara ga hanyar abinci guda. Ya zaunar da Fulani makiyaya, ya kwaɗaitar da su ga noma da kiwon awaki da tumaki da dawaki, kada su tsaya ga shanu kaɗai. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba. Bai kuma rufe ido ga sauyin duniya ba, domin da Baturen Birtaniya Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya zauna da shi sun tattauna batun ciniki ta bakin teku.

To, mu fa? An gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan wannan kogi, noman rani ya bunƙasa. Amma a watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno da Rabah. Wanda ya zuba jarinsa duka a shinkafar fadama, dare ɗaya ya wayi gari hannu rabbana. Wanda ya haɗa da kiwo da sana'a, ya kuma gina rumbu a tudu, shi ya samu abin tashi.

Damina ta daina cika alkawari, farashin taki kuwa yaƙin wata nahiya ke yanke shi. Ina kira ga 'yan kasuwarmu da ma'aikatan da ke zuba albashinsu a gona: a rarraba jari, a saurari hasashen masana yanayi, a yi ajiya tun ana da hali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya jiƙan Bello, Ya ba mu ikon koyi da shi, amin.