Dakta Yusufu Bala Usman: Ɗan sarautar Katsina da ya zaɓi koyarwa

Ɗaliban tarihi da dama a Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ba a ma haife su ba lokacin da Dakta Yusufu Bala Usman ya rasu a 2005. Duk da haka, da wuya a yi bincike mai zurfi kan ƙasar Katsina ba a bi ta kan rubuce-rubucensa ba.

Ya shafe fiye da shekara talatin a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ya yi fice wajen mayar da taron ƙara wa juna sani fagen muhawara ta gaskiya, kuma ya taɓa rasa aikinsa saboda ra'ayinsa.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi a 1945 a garin Musawa, a tsakiyar ƙasar Katsina. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, ɗan Sarki Muhammadu Dikko, ɗan'uwan Sarki Usman Nagogo. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Wato ya gaji sarauta ta uwa da uba.

Ya fara makaranta a Musawa, ya wuce Kankiya, daga baya ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Daga nan ya tafi Ingila, inda ya samu digirinsa na farko a Jami'ar Lancaster a 1967.

A wancan zamani, ɗan sarauta mai digirin Ingila kujerar gwamnati ke jiransa. Shi kuwa da ya dawo sai ya kama koyarwa a Kwalejin Barewa. Daga can ya koma sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, wanda ya kafa sashen kuma ya assasa Gidan Arewa a Kaduna. Ya kammala digirinsa na uku a 1974.

Sabon karatun tarihin Katsina

Binciken digirin nasa ne aka buga a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, 1400-1883, wato sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta yi a cikin kusan shekara ɗari biyar.

Kafin wannan aiki, littattafan Turawa da dama suna bayyana jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a matsayin yaƙin ƙabilanci, Fulani suka ci Haɓe da yaƙi, shi ke nan. Bala Usman ya ce wannan bayani bai ɗauki abin da ya faru ba. Ya nuna cewa akwai Hausawa da Fulani a ɓangarorin biyu, kuma abin da ya girgiza tsohon tsarin sarauta ya haɗa da bunƙasar garuruwa, da kasuwanci, da haraji, da ƙaruwar malamai masu faɗa a ji, da saɓanin da ke tsakanin masu mulkin kansu.

Ga mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi, wannan ba labarin nesa ba ne. Hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuwa Maraɗin Katsina, kuma duka sarautun biyu sun girmi jihadi. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsoffin masu mulki suka yi arewa har suka kafu a Maraɗi. Amma sarautu irin su 'Yandaka da Durɓi da Ƙaura da Galadima ba su mutu ba, sabuwar masarauta ta ci gaba da amfani da su. Irin wannan haɗuwar tsoho da sabo ce littafin ya bi diddiginta.

Bai tsaya ga takardun da ke ɗakin karatu ba. Ya yi hira da dattawa a ƙasar Katsina da Maraɗi, ya haɗa da rubuce-rubucen malamai na Larabci. Haka kuma ya yi wata sananniyar maƙala kan Heinrich Barth, Bajamushen da ya ziyarci Katsina a 1851. A ciki ya nuna cewa rahoton matafiyi Bature ma sai an tantance shi: su wa ya zauna da su, wa ya ba shi labari, kuma da wace fahimta ya zo.

Tarukan masana

A watan Janairun 1975 masana tarihi daga Zariya da Kano da wasu wurare suka hallara a Sakkwato domin tattauna tarihin Daular Usmaniyya. Bala Usman ne ya tace maƙalun taron, aka buga su a 1979 cikin kundi guda da har yau masu bincike ke komawa gare shi. A 1983 shi da Farfesa Nur Alkali suka fitar da makamancinsa kan tarihin Borno kafin zuwan Turawa.

Muhimmancin waɗannan taruka shi ne, a lokacin yawancin muhawarar tarihin Afirka a jami'o'in Ingila da Faransa da Amurka ake yinta. Malaman Zariya, irin su Mahmud Tukur da shi Bala Usman, suka dage cewa a nan gida ya kamata a tattauna tarihin gida, a gaban mutanen da abin ya shafa. An san shi da tambayoyi masu zafi a wurin taro. Girman muƙamin mai gabatar da maƙala ba ya hana shi neman hujja.

Daga aji zuwa fagen siyasa

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sa shi cikin kwamitin tsara kundin mulki, mai mutum 49, ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi amincewa da daftarin masu rinjaye, suka rubuta nasu a 1976, wanda ya fi ba da ƙarfi ga haƙƙin talaka. Gwamnati ta ajiye shi gefe. Sai a 2019 aka buga shi a matsayin littafi.

A Jamhuriya ta Biyu ya bi jam'iyyar PRP, ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna a zamanin Alhaji Balarabe Musa, lokacin da Katsina ke cikin jihar. Bayan haka ya koma aji.

Littattafansa na wannan lokaci sun haɗa da For the Liberation of Nigeria na 1979, da wanda ya rubuta a 1986 yana adawa da sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A 1987, shekarar rikicin Kafanchan, ya fitar da The Manipulation of Religion in Nigeria. Hujjarsa a ciki ita ce, wasu masu mulki da masu kuɗi suna fakewa da addini su raba kan talakawa, don kada a tambaye su yadda suka yi da dukiyar jama'a. Wannan ra'ayi ya jawo masa masoya, ya kuma jawo masa masu suka.

A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sallame shi daga jami'a. Ya garzaya kotu, ya yi nasara, aka mayar da shi bakin aiki. Daga baya shi da abokan aikinsa suka kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya. A nan ne shi da Alkasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria a 2000, suna mayar da martani ga masu cewa Najeriya haɗin gambiza ce kawai ta Turawa.

Rasuwarsa

Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumban 2005, yana da shekara 60. Har ya bar duniya Dakta ake kiransa, alhali da yawa daga cikin ɗaliban da ya koyar sun zama farfesoshi.

A yau akwai kwaleji a Daura da ke ɗauke da sunansa, da kuma cibiyar bincike a Zariya. Jihar Katsina kuwa, wadda ba ta da jami'a ko ɗaya a zamanin da yake bincikensa, yanzu tana da su har da ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Dattawan da ke riƙe da tarihin garuruwa irin su Kurfi da Dutsin-Ma suna ta ƙarewa, kuma aikin tattara abin da suka sani ya rage wa malamai da ɗaliban waɗannan makarantu.

Allah Ya jiƙansa da rahama.