Al-Wansharisi, malamin da ya adana shari'o'in ƙarni shida

A shekarar 1469 sarkin Tilimsan, a Aljeriya ta yau, ya yi fushi da wani malamin fiƙihu mai suna Ahmad bin Yahya al-Wansharisi, aka wawashe gidansa. Malamin, wanda aka haifa wajen 1430 a duwatsun Wansharis, ya tsere zuwa Fas ta Maroko, kuma a can ya ƙare rayuwarsa yana karantar da Mudawwana yana ba da fatawa.

Abin da ya sa ake tunawa da shi har yau shi ne littafinsa al-Mi'iyar al-Mu'urib, wato ma'auni. Yawancin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, Damagaram ko Garwa, irin su Risala da Muhtasar, hukunci suke faɗa a taƙaice. Shi kuwa al-Wansharisi rigimar da kanta ya kawo. Ya tattara fatawoyi kimanin 6,000 na malaman Andalus da Arewacin Afirka, na tsawon ƙarni shida, ya jera su babi-babi: aure, saki, ciniki, waƙafi, gado, shaida. Wani almajirinsa ɗan gidan alƙalai, al-Gardis, shi ya buɗe masa taskar littattafan gidansu.

A ciki mai karatu zai ga manoman ƙauyuka biyu suna jayayya kan ruwan rafi, ko magada suna ƙalubalantar waƙafin da kakansu ya yi. Wani lokaci alƙali ya riga ya yanke hukunci, wanda aka kayar ya ɗauki takardun ya kai wa mufti, mufti ya duba ya ce an yi daidai ko an kauce, wani malamin kuma ya zo ya soki muftin. Al-Wansharisi yakan kawo takardar shaidu da sunayen masu ƙara, sannan ya sa baki da nasa ra'ayin. Abin da lauyoyi ke kira sharhin hukunce-hukuncen kotu a yau, kusan shi ke nan. Har taƙaddamar da Shehu Magili ya tayar kan wuraren ibadar Yahudawan Tuwat, kafin zuwansa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana cikin littafin tare da amsoshin waɗanda suka goyi bayansa da waɗanda suka saɓa masa.

Fatawarsa da ta fi jawo magana ta fito a 1491, shekara guda kafin faɗuwar Garnaɗa. An tambaye shi game da Musulmin Andalus da suka yi hijira zuwa Maroko, talauci ya ishe su, suka fara nadama suna son komawa ƙarƙashin sarakunan Kirista. Ya ce hijira wajibi ce, komawa haramun. Da aka sake tambayarsa kan wani mutumin Marbella mai jin harshen masu mulki, wanda ke son zama don ya riƙa kare 'yan'uwansa raunana a gaban hukuma, nan ma bai sassauta ba. Hukunci ne mai tsauri, musamman daga bakin wanda ya ɗanɗani ɗacin barin gida. A 1504 wani malami, Ibn Abi Jumu'a, ya aika wa waɗanda suka rage a Sifen fatawa mai sauƙi, wadda ta yi la'akari da halin tilas da suke ciki.

Al-Wansharisi ya kammala Mi'iyar wajen 1496, ya ci gaba da yi masa gyara har rasuwarsa a Fas a 1508. An buga shi a Fas a ƙarshen ƙarni na 19 cikin juzu'i 12, sannan Émile Amar ya fassara wani sashe zuwa Faransanci a 1908 da 1909. Ɗansa Abdulwahid ya zama alƙali kuma muftin Fas. An kashe shi a 1549 a ƙofar masallacin Ƙarawiyyin, bayan ya ƙi yin mubaya'a ga sarkin Sa'adiyawa da ya yi wa birnin ƙawanya.