Mary Slessor, Uwar Tagwaye

A ƙasar Hausa in mace ta haifi tagwaye sai murna, a raɗa musu Hasan da Husaini. Amma a zamanin da, a ƙasar Kalaba, ba haka abin ya ke ba. Mutanen wurin sun ɗauka ɗaya daga cikin jariran ɗan aljani ne. Da ya ke ba a san ko wanne ne ba, sai a cusa su duka biyu cikin tukunya a kai daji a yar, uwar kuwa a kore ta daga gari. To, ga labarin wata Baturiya wadda ta ƙare ranta wajen yaƙi da wannan al'ada.

An haifi Mary Slessor ran 2 ga Disamba, 1848, a garin Aberdeen ta ƙasar Sikotilan. Ubanta baduku ne, mai ɗinkin takalma, amma giya ta lalata shi. A 1859 suka ƙaura zuwa Dundee. Tana da shekara 11 ta shiga aiki a masaƙa, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Da ta kai 14 sai ta koma yini cur, tun ƙarfe 6 na safe har 6 na yamma.

Uwarta mai ibada ce ƙwarai, ta kan karanta wa 'ya'yanta labarin mishan na Kalaba, wanda Hope Waddell ya kafa a 1846. Bayan rasuwar David Livingstone a 1873, sai Mary ta ƙudura a ranta ita ma za ta tafi. A 1876 ta shiga jirgin ruwa, ta sauka Kalaba.

Abin da ta fara yi shi ne koyon harshen Efik, har ya zauna a bakinta sarai. Ta riƙa cin abincin mutanen ƙasar, don ta rage kuɗin da za ta aika wa uwarta. In ta ji an haifi tagwaye, ko da tsakar dare ne, sai ta ruga ta ɗauko su, ta kuma ba uwar mafaka. Wata rana dangin waɗansu tagwaye suka yi mata wayo, suka ɗauke namijin suka kashe. Macen kuwa ta riƙe ta kamar 'yar cikinta, ta sa mata suna Janie, har ta tafi da ita Sikotilan a 1883.

A 1888 ta shiga ƙasar Okoyong, inda ko Turawa maza su ke tsoron zama. Can ta sami aminiya, Ma Eme, 'yar'uwar sarkin Ekenge, wadda ta kan aiko mata da labari a ɓoye in za a hallaka wani. A 1892 Gwamnati ta ba ta riƙon kotun ƙasar. Zazzaɓi ya sha kayar da ita, amma ba ta gudu ba. Ta rasu ran 13 ga Janairu, 1915, a ƙauyen Use, bayan shekara 38 tana aiki, aka kawo gawarta Kalaba aka binne.

Kada mu ce ita kaɗai ta hana kisan tagwaye. 'Yan mishan da suka riga ta zuwa, da 'yan ƙasa irin su Ma Eme, duk sun sa hannu. Amma ita ce ta goya yaran, ta yi rainonsu a gaban kowa, har jama'a suka gani da idonsu ba wani mugun abin da ya same ta.

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, gobe za a tura mu garuruwan da ba namu ba. Sai mu fara koyon harshen mutane, mu zauna da su, kafin mu ce za mu gyara su. Gani ya kori ji.