Daniyel, Saurayin Da Ya Ƙi Abincin Sarki

Kafin a shiga wannan labari, ya kamata mai bi da ƙungiya ya sa a karanta sura ta 1 da ta 10 na Littafin Daniyel da ƙarfi, kowa ya ji. Yaranmu duka sun san Daniyel na ramin zakoki. Amma gwajinsa na fari ya zo masa tun yana saurayi, a bakin akushi, kuma shi ne za mu fi daɗewa a kansa yau, gama a cikin ikilisiyoyinmu na Maiduguri ana samun masu barin nama, waɗansu don azumi, waɗansu bisa shawarar likita, da yawa kuwa sun kafa hujja da sunan wannan mutum.

An haifi Daniyel a ƙasar Yahuza, daga gidan sarauta ko na manyan gari. Littafin ya ce a shekara ta uku ta sarautar Yehoyakim, Nebukadnezzar Sarkin Babila ya kawo wa Urushalima yaƙi. Wannan ya yi daidai da shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, shekarar da Babilawa suka karya rundunar Masar a Karkemish. Aka kwashe waɗansu kayan Haikali, aka kuma zaɓi samari kyawawa, marasa lahani, masu kaifin hankali, aka tafi da su Babila. Kufan birnin yana nan har wa yau a bakin Kogin Yufiretis, a ƙasar Iraƙi, wajen kilomita 85 kudu da Bagadaza.

Nufin sarki shi ne a mai da samarin nan Babilawa. Aka ɗibar musu shekara 3 su koyi harshe da rubutun Kaldiyawa. Aka sāke musu suna: Daniyel ya zama Belteshazzar, Hananiya ya zama Shadrak, Mishayel ya zama Meshak, Azariya kuma Abed-nego. Sa'an nan aka yanka musu rabo kowace rana daga abincin da sarki ya ke ci da ruwan inabin da ya ke sha. Irin wannan rabo sanannen abu ne a fadar Babila. Sa'ad da wani Bajamushe, Robert Koldewey, ya tone birnin tsakanin 1899 da 1917, an sami allunan yumɓu na ma'ajin fada, waɗanda aka rubuta yawan man da a ke ba Yehoyakin, Sarkin Yahuza, da 'ya'yansa a zaman talalarsu.

Abin lura, Daniyel bai yi gardama a kan karatu ba, bai kuwa yi a kan sabon suna ba. A kan abinci ya tsaya. Ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da rabon sarki ba. Masanan Littafi Mai Tsarki sun kawo dalili uku. Shari'ar Musa ta hana waɗansu dabbobi, ta kuma hana cin nama da jininsa, mahautan Babila kuwa ba ruwansu da wannan. Har yanzu, akan miƙa nama da ruwan inabi ga gumaka kafin su kai ga teburin sarki. Na ukun ya fi sauƙin ganewa ga mutumin ƙasarmu, gama mun san wanda ya ci tuwon fada ya zama yaron fada, bakinsa ya rufu. Ko wanne ne ya fi nauyi a zuciyarsa, damuwar Daniyel tsarki ce da aminci ga Allah. Littafin bai ce nama yana kawo ciwo ba.

A dubi yadda ya bi da al'amarin. Ya fara roƙon Ashfenaz, shugaban bābānnin fada. Mutumin yana ƙaunarsa, amma ya ji tsoro, kada sarki ya ga samarin sun rame ya sa a fille masa kai. Daniyel bai raina wannan tsoro ba. Sai ya je wurin wakilin da aka sa ya lura da su huɗun, ya roƙa a gwada su kwana 10 da kayan gona da ruwa kaɗai, sa'an nan a gwama fuskokinsu da na sauran samarin, a yi abin da ido ya gani. Da kwanakin suka cika, aka tarar sun fi takwarorinsu kyan gani da ƙiba. Wakilin ya janye rabon sarki, ya ci gaba da ba su abin da suka roƙa.

To, me suka ci? Mutane da yawa suna zaton ganye ne zalla. Kalmar da aka mora a Ibraniyanci tana nufin abin da a ke shukawa, watau ta haɗa hatsi da dangin wake da kayan lambu. Ƙasar Babila tana da sha'ir da alkama, da irin waken da a ke kira adas, da albasa, da tafarnuwa, da dabino, man girkinsu kuwa na riɗi ne. Annabi Ezekiyel, wanda shi ma ya zauna a bauta a ƙasar, an umarce shi a sura ta 4 ta littafinsa ya yi gurasa da alkama da sha'ir da wake da adas da gero a haɗe. Gurasar tasa alama ce ta yunwar da za ta kama Urushalima, amma duk da haka haɗi ne mai riƙe mutum.

Dalilin yana da sauƙi. Abin da ke gina tsokar jiki, wanda likitoci ke kira furotin, yana da sassa dabam dabam. Gero da dawa da masara sun gaza a wani sashe mai suna laisin, wake kuwa yana da shi a yalwace. Abin da wake ya gaza a kai kuma, hatsi ya cika. Iyayenmu mata sun san haka da hannu tun ba a ba abin suna ba, shi ya sa ƙosai ke tafiya da koko, wake ke tafiya da shinkafa, a ke dama kunu da gyaɗa, a ke jefa daddawa a miya. Matar da ke zaune a Lamisula, in ta tafi Kasuwar Gamboru ta sayo gero ta yi burabusko, ta haɗa da miyar wake ko ta gyaɗa, ta kusa teburin Daniyel ƙwarai. Ba lalle ne a haɗa su cikin kwano ɗaya ba, in dai an ci duka biyu a yini. Awara da ƙuliƙuli da alale duk suna cikin wannan lissafi.

Ganye ma yana da nasa aiki. Kuka da zogale da riɗi suna ba da abin da ke ƙarfafa ƙashi. Manja da kabewa da karas da mangwaro suna taimakon ido. Wake da alayyafo suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, sai dai jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama. Lemo ko gwaba ko ɗanyen tumatir tare da abinci yana sa jiki ya ƙara ɗauka, shayi kuwa in an sha shi a kan abinci yana ragewa. Mu da mu ke son shayi a Barno, sai mu ba shi tazarar sa'a guda.

Amma akwai abu ɗaya da gwajin kwana 10 ba zai iya nunawa ba, a nan ne kuwa masu koyi da Daniyel su kan yi tuntuɓe. Akwai wani sinadari, bitamin B12, wanda masana suka fara ware shi a 1948. Jini da jijiyoyi ba su aiki sosai sai da shi, kuma ba a samunsa a gero ko wake ko ganye. Yana cikin nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Hantar mutum tana ajiye shi, ajiyar kuwa takan kai 'yan shekaru. Saboda haka wanda ya bar dukan abin da ya fito daga dabba zai iya yin shekara ɗaya ko biyu yana jin garau, yana ba da shaida a ikilisiya, alhali rumbun yana ƙarewa a ɓoye. Daga baya sai gajiya ta zo, da ƙarancin jini, da jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafa, da mantuwa. In an daɗe ba magani, lahanin jijiya yakan zauna. Jaririn da ke shan mama wurin uwar da ta rasa wannan sinadari ya fi kowa shiga hatsari, gama shi ba shi da ajiya mai yawa.

Maganin ba shi da wuya. Wanda ya bar nama amma yana shan nono ko kindirmo a kai a kai, yana cin ƙwai, ko ɗan busasshen kifin Baga a miya, yana da hanyar samu. Wanda ya ƙudura barin waɗannan duka, wajibi ne ya riƙa shan ƙwayar B12, ya kuma nemi shawarar likita. Ba rashin bangaskiya ba ne. Daniyel da kansa ya yarda a duba jikinsa a ga ko abincin ya karɓe shi.

Da shekara ukun suka cika, sarki ya gana da samarin, ya tarar huɗun nan sun fi dukan masu sihiri da bokayen mulkinsa nesa. Daga nan labarin ya yi ta hawa. Daniyel ya faɗa wa Nebukadnezzar mafarkinsa na babban gunki da fassararsa, aka naɗa shi bisa lardin Babila. Ya gargaɗe shi a kan girmankai kafin sarkin ya haukace ya shiga cin ciyawa kamar sa. Nebukadnezzar ya mutu a 562, sarakuna suka shuɗe, har aka manta da Daniyel. Sai a daren da Belshazzar ya yi wa manyansa 1,000 biki, suna shaye-shaye da kwanonin Haikali, aka kirawo tsohon ya karanta rubutun da hannu ya yi a bango. Babila ta faɗa hannun Mediyawa da Farisawa a 539. A zamanin Dariyus ne abokan aikinsa suka ƙulla masa makirci, don sun rasa laifin da za su kama shi da shi a aikin mulki, sai a kan addu'ar da ya ke yi sau uku a yini, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima. Ya kwana a ramin zakoki, ya fito ba ƙwarzane.

Zancen abinci ya sāke fitowa a sura ta 10, a shekara ta uku ta Sairus Sarkin Farisa. Kusan shekara 70 ke nan da barinsa gida, ya tsufa ƙwarai. Ya yi makoki mako 3, bai ci abinci mai daɗi ba, nama da ruwan inabi ba su shiga bakinsa ba, bai kuma shafa mai ba, har ya ga wahayi a bakin Kogin Taigiris. Mai karatu da hankali zai ga wani abu a nan. Mutum ba ya ce ya bar abu mako uku sai in ya saba cinsa. Ashe da Daniyel ya sami gidan kansa da ikon zaɓen abin da za a dafa masa, ya koma cin nama. Wannan ya yi daidai da sauran Littafi: a Farawa sura ta 1 an ba mutum tsire-tsire da 'ya'yan itatuwa, a sura ta 9 aka ƙara wa Nuhu nama. Manzo Bulus kuma, a Romawa sura ta 14, ya hana mai cin kome ya raina mai cin ganye kaɗai, ya hana mai cin ganye ya hukunta mai cin kome.

Daga makon nan uku ne aka samo abin da a ke kira azumin Daniyel, na kwana 21, wanda ikilisiyoyi da yawa ke yi a farkon shekara. Ga babba mai lafiya, kwana 21 a kan hatsi da wake da ganye ba zai cuce shi ba. Amma dattawan ikilisiya su yi hattara da yadda su ke sanarwa. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da ƙananan yara, da mai ciwon sikila, da mai shan maganin ciwon sukari, kada a sa su jin kunya in ba su shiga ba. Yaro yana da ƙaramin ciki, kunu zalla yakan cika shi tun bai sami abin da zai gina jikinsa ba. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana ciwon kumburin da ke kama irin waɗannan yara a 1933 a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, daga baya ta sa masa sunan da mutanen wurin ke kiransa, kwashiyoko.

Sai kuma a tuna da waɗanda ba zaɓi suka yi ba. Tun daga 2009, rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Gwoza da Bama da sauran garuruwa zuwa Maiduguri, 'yan'uwanmu da yawa a cikinsu. Sun san zafin barin gida kamar yadda Daniyel ya sani, sai dai shi an ajiye masa nama ya ƙi, su kuwa waɗansunsu sukan yi watanni ba su gani ba. Ƙungiyar da ta bar nama kwana 21 tana iya lissafta kuɗin da ta rage, ta sayi wake da gyaɗa da ƙwai da busasshen kifi, ta kai gidajen da ke da masu goyo.

Sairus ya ba Yahudawa izinin komawa Urushalima a 538, amma shekara biyu bayan haka mun tarar da Daniyel yana nan a gabas. Littafin ya rufe da alkawarin da aka yi masa cewa zai huta, ya kuma tashi ya karɓi rabonsa a ƙarshen kwanaki. Garuruwa da dama suna cewa kabarinsa yana wurinsu. Wanda aka fi sani yana Shush, a ƙasar Iran, watau tsohon birnin Shushan da aka ambata a wahayinsa na sura ta 8. Wani matafiyi Bayahude, Biliyaminu na Tudela, ya ba da labarin wurin tun a ƙarni na 12, Musulmi kuwa, waɗanda ke kiransa Annabi Daniyal, suna kai masa ziyara har yau.