Marigayi Shu'aibu Amodu: Sau Biyu Ya Yi Noma, Wasu Suka Kwashe Amfanin

Duk wanda ya taɓa yin yaron shago, ya sha rana da ƙura yana tara wa maigida ciniki, sannan ranar rabon riba aka kira wani baƙo aka damƙa masa makulli, to zai gane tarihin marigayi Shu'aibu Amodu ko da bai taɓa kallon tamola ba. Wannan bawan Allah sau biyu yana kai Nijeriya gasar cin kofin duniya, amma bai taɓa zama a bencin masu horaswa a gasar ba ko sau ɗaya.

An haife shi a shekarar 1958, mutumin Okpella ne da ke jihar Edo ta yanzu. Ya buga ƙwallo a ƙungiyar Niger Tornadoes ta Minna, sai karayar ƙafa ta raba shi da fili tun da sauran ƙarfinsa. Daga nan ya koma horar da ƴan wasa. A Gboko ya yi suna, inda ya riƙe BCC Lions, ƙungiyar kamfanin siminti na Binuwai. A 1990 ya ciwo mata kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu, bayan ta doke Club Africain ta Tunisiya. Ya kuma horar da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Shooting Stars ta Ibadan, har ya leƙa Afirka ta Kudu wajen Orlando Pirates.

Karon farko da aka ba shi Super Eagles shi ne a 1994, bayan tafiyar Bature Clemens Westerhof. Bai daɗe ba. Dama haka hukumar ƙwallon ƙasar ta ɗauke shi: mai riƙon ƙwarya, wanda ake nema in gida ya kama da wuta.

Wutar kuwa ta kama a watan Afrilu na 2001. Saliyo ta ci Nijeriya 1-0 a Freetown, Laberiya ta George Weah tana gaba a rukuni, kowa ya fid da rai da zuwa Koriya da Japan. Aka sallami Jo Bonfrere ɗan ƙasar Holan, aka kira Amodu, aka haɗa shi da mataimaka biyu, Stephen Keshi da Joe Erico. Wasa uku suka rage, kuma babu wanda za a iya yin sake da shi. Suka ci Laberiya 2-0 a Fatakwal, suka bi Sudan har gida suka zura mata 4-0, suka rufe da Gana 3-0. Ƙwallo 9 a raga, ba a ci su ko ɗaya ba. Da tazarar maki ɗaya tak suka wuce Laberiya, Amodu ya zama ɗan ƙasa na farko da ya samo wa Nijeriya wannan tikiti.

Ladan da ya samu fa? A farkon 2002 ya kai ƙungiyar Mali gasar cin kofin Afirka, Senegal ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, suka dawo da lambar tagulla. Sai aka ce na uku bai isa ba, aka kore shi tare da mataimakansa. Festus Onigbinde ne ya tafi da yaran gasar duniya, ya dawo da maki ɗaya.

Ka ce an yi hankali? Ina! A 2008, da Bajamushe Berti Vogts ya kasa, aka sake waiwayarsa. Ya gama wasannin share fage ba a doke shi ba. Ranar 14 ga Nuwamba 2009 Nijeriya ta ci Kenya 3-2 a Nairobi, Obafemi Martins ya jefa biyu, a daidai lokacin da Mozambik ke cin Tunisiya a Maputo. Tikiti ya sake samuwa. A Angola, Janairun 2010, Gana ta tare su 1-0, suka sake zuwa na uku, aka sake ture shi gefe. Masu sukarsa sun ce wasansa ba ya da armashi, kuma gaskiya akwai ranakun da kallon ƙungiyarsa ke sa barci. To amma ɗan kasuwa ya san ba kyan rumfa ake lissafawa da yamma ba. An ɗauko Lars Lagerback daga Suwidin da kuɗi masu yawa, ya je Afirka ta Kudu, Sani Kaita ya sha jan kati a wasa da Girka, aka dawo gida da maki ɗaya, daidai da na 2002. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu ma nan Nijar ba mu da bakin yi wa maƙwabta dariya. Haruna Dula ne ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012, bayan ya kayar da Masar a Yamai, amma ana zuwa Gabon sai ragama ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis. Shi ma Keshi, tsohon mataimakin Amodu, ya kai Togo gasar duniya ta 2006, aka karɓe aka ba Bajamushe Otto Pfister.

Duk da haka Amodu bai yi zuciya ya juya wa ƙasarsa baya ba. A 2013 ya karɓi muƙamin daraktan tsare-tsaren horaswa na hukumar. A Oktoban 2014 aka cire Keshi aka ce ya riƙe ƙungiyar, bayan mako biyu aka maido da Keshi, shi kuma ya koma ofishinsa.

Keshi ya rasu ranar 7 ga Yuni 2016 a birnin Benin. Kwana uku bayan haka, ranar 10 ga wata, cikin azumin Ramadan, Amodu ya bi shi a wannan birni, yana da shekara 58. An yi masa sutura a Okpella kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Allah ya jiƙansa da rahama.